Tambayoyi da Amsoshi: Ɗaukar Hoto da Ƙaramar Kyamarar Motsi a Damagaram

Ƙananan kyamarorin nan da ake ɗaurawa a hular kwano ko a kan babur, waɗanda muke kira GoPro ko da wani kamfani ne ya ƙera su, sun fara yawa a hannun matasan Zinder. Yawanci don bidiyo ake sayensu. Amma duk wanda ya riƙe ɗaya sai ya so ya ɗauki hoto tsayayye da ita, kuma a nan ƙorafi ke farawa: bango ya lanƙwashe, farar riga ta ƙone, hoton dare ya cika da yashi. Kyamarar ba ta lalace ba. An ƙera ta ne ta yanke wa kanta shawara, kuma shawararta ba ta san ranar Damagaram ba. Abu uku za ka karɓe daga hannunta: faɗin ido, mizanin haske, da iyakar ISO (ƙarfin da take ƙara wa hoto in haske ya gaza). Sauran duk ƙari ne.

Na yi amfani da sunayen da ke cikin menu na GoPro saboda ita aka fi sani, amma DJI da Insta360 suna da kusan irin waɗannan saituna. Inda ya kamata na faɗi sunan da za ka gani, ko da Turanci ko da Faransanci aka saita taka.

Malam, da gaske tana ɗaukar hoto mai kyau, ko dai aikinta bidiyo ne kawai?

Tana ɗauka, in akwai haske kuma ka matso kusa. Ka san abin da ke hannunka tukuna. Farantin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba a yawancinsu. A yawancinsu faɗin ƙofar idonta ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, a tsaye yake wajen lambar da ake rubutawa f/2.8 ko f/2.5. Ba ta kuma neman inda za ta kafa ido kamar yadda waya ke yi. An kafa shi tun daga masana'anta don komai ya fito sarai daga kusan tsawon hannu har iya gani. Saboda haka kada ka sa ran hoton da mutum ya fito tas bayansa ya narke. Abin da take da shi wanda babbar kyamara ba ta da shi shi ne shiga inda ba a shiga: ƙasan cikin doki, bakin rijiya, tsakiyar taro, cikin ruwan sama. Tun daga HERO5 Black ta 2016, manyan samfuran GoPro suna shiga ruwa har zurfin mita 10 ba tare da wani akwati ba.

Na shiga ɓangaren hoto na ga salo da yawa. Wanne ne na me?

Na farko hoto ɗaya, danna ɗaya. Da shi za ka yi mafi yawan aikinka. Na biyu ɗauka a jere, wanda aka rubuta Burst ko Rafale: danna ɗaya, hotuna har 25 ko 30 cikin daƙiƙa guda, gwargwadon samfurin. Na uku hoton dare, inda ido ke daɗewa a buɗe daga daƙiƙa 2 har zuwa 30. Sai ɗaukar tazara, Time Lapse ko Accéléré, inda take ɗaukar hoto duk bayan lokacin da ka tsara mata. A wasu samfura wannan na ƙarshe yana da nasa ɓangaren dabam.

Yaya, na ɗauki gidajen Birni sai na ga soro ya gantsare, zankwaye sun karkata. Mene ne ya jawo?

Faffaɗan ido ne, wanda aka rubuta Wide ko Large, kuma a kansa kyamarar ke zuwa daga kamfani. Yana kwaso fili mai yawa, amma yana biyan kuɗin da lanƙwasa: duk layin da ya kusanci gefen hoto sai ya tanƙware. A kan babur ba ka damuwa da wannan. A gaban ginin tubali kuwa ɓarna ce, domin kyan gidajen Birni yana cikin layinsu: miƙewar bango, tsinin zanko, dagi da sauran zayyanar da magina suka fitar a jikin ƙofar zaure.

Ka koma miƙaƙƙen ido, Linear ko Linéaire. Kyamara za ta gyara lanƙwasar da kanta, ta ɗan yanke gefe. Amma wannan rabin magani ne. Rabi na biyu yana hannunka: ka riƙe ta a daidai, kada ka ɗaga bakinta sama. Da zarar ka ɗaga don zanko ya shigo, bangaye biyu za su kama hanyar haɗuwa a sama kamar ginin zai faɗi ta baya. Gara ka ja da baya, ko ka hau wani tudu, ka bar ƙasa ta shigo da yawa, daga baya ka yanke ta. Kunna layukan jagora da ke raba allo gida tara, ka jera bango da ɗaya daga cikinsu.

Lungunan Birni ƙunci gare su, wani wurin ba inda za ka ja da baya. A nan ka haƙura da ɗaukar gidan gaba ɗaya. Ɗauki ƙofar kaɗai da zayyanarta. Kuma ka zo da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango daga gefe. Zayyanar da aka fitar da laka inuwarta ce ke nuna ta. Da tsakar rana sai ta shafe, bango ya zama fili.

Haka ma fuskar mutum. Kada ka sa kowa a gefen hoto da faffaɗan ido, kansa zai miƙe, kafaɗarsa ta faɗaɗa. Hoton mutane, miƙaƙƙen ido, mutum a tsakiya.

Ranar hawan Salla na tsaya a ƙofar fada, dawakai suka fito ƙanana kamar tururuwa. Zan iya jawo su kusa?

Jawowar da ke cikinta ba ta gaskiya ba ce. Yanka tsakiyar hoto take yi ta kumbura shi, abin da za ka iya yi da kanka a waya daga baya. Ƙafarka ce za ta jawo maka. Ka je da wuri, ka nemi wurin da mahaya za su bi ta gabanka, ka bi umarnin dogarai kan inda aka yarda a tsaya. Doki da ya taso da gudu ba ya sanin mai hoto, kuma allon kyamarar nan yana yaudara: abin da ka gani kamar yana nesa, a zahiri ya iso ka. Ka riƙa ɗaga kai kana kallo da idonka.

In ka sami wuri, ka sauke kyamarar ƙasa wajen gwiwa. Daga nan doki ke cika hoto, kayan sirdi da rawanin mahayi su hau sararin sama, taron da ke baya ya ɓuya. Sanda mai tsawo tana taimakawa a cunkoso, ka ɗaga ta sama da kawunan jama'a kana kallo ta manhajar waya.

To don me ƙafafun dawakai ke fitowa a gauraye?

Saurin ƙiftawar idon kyamara, inda aka rubuta Shutter, shi ne bai kai ba. A saitin hoto na GoPro za ka iya zaɓar 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000 ko 1/2000 na daƙiƙa. Mutum mai tafiya, 1/250 ya ishe shi. Doki mai sukuwa ko ƴan kokawa a lokacin kayarwa, ka ba su 1/1000. Da rana a garinmu haske ba ya yin ƙaranci, kyamarar ma da kanta takan zaɓi mai sauri. Matsalar tana zuwa ne gab da magariba, ko in ƙura ta turnuƙe ta rage haske.

Ka lura, gyaran girgiza da ake yabon kyamarar da shi, HyperSmooth a GoPro ko RockSteady a DJI, na bidiyo ne. Ba ya ceton hoto tsayayye. In hannunka ya motsa, ya motsa.

Ga irin wannan lokaci aka yi ɗauka a jere. Ni na fi son 10 cikin daƙiƙa 2 ko 3 a kan 30 cikin daƙiƙa guda, domin jahi ko kayarwa suna ɗaukar fiye da daƙiƙa, kuma bayan kowace jera kyamara takan tsaya tana adanawa. Wanda ya danna da wuri, sai abin ya faru tana cikin rubutu a kati. HERO8 zuwa HERO10 suna da LiveBurst, wanda ke riƙe daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ka danna da ɗaya da rabi bayan ka danna, sai ka zaɓi wanda ya fi kyau a ciki.

Malam, hoton ango da abokansa na ɗauka a rana, farar shadda ta fito fara fat, aikin wuyan rigar ya ɓace. Ina gyaran?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, domin ita ce matsalarmu ta kullum. Fatarmu baƙa, tufafin bikinmu farare, ranarmu mai ƙarfi. Kyamara tana auna hasken hoto gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki, kuma ƙaramin farantinta ba ya iya riƙe farin da ya yi yawa da duhun da ya yi yawa a lokaci guda. Dole ɗaya ya tafi. Duhu in ya tafi ana iya dawo da wani abu daga cikinsa. Fari in ya ƙone ya ƙone ke nan, babu manhajar da za ta dawo maka da zaren da mai ɗinki ya yi kwanaki yana jerawa.

Nemi mizanin haske, inda aka rubuta EV. Yana tafiya daga −2 zuwa +2, rabi-rabi. Da rana a waje ka ajiye shi a −0.5. In fari ya yi yawa a hoton, ko akwai sararin sama mai haske, ka gwada −1. Fuska za ta ɗan yi duhu, ka ɗaga ta kaɗan a waya.

Hanya ta biyu, ka ɗora yatsa a kan allo ka riƙe, wani ɗan akwati zai fito. Ja shi zuwa inda kake so a auna haske, sannan ka kulle. Wannan yana da amfani a zaure ko a rumfar kasuwa, inda mutum ke cikin inuwa bayansa kuma rana ce tsagwaro. In ka auna a fuskarsa zai fito, waje ya ƙone. Zaɓi ne, kai za ka yi shi.

Mafi kyau duka, ka motsa mutanen. Kai su inuwar bango ko ta bedi, fuskarsu tana kallon fili mai haske. A nan shadda da fata duk za su zauna lafiya cikin hoto ɗaya, ba wanda zai runtse ido. Dattijo ma in ka ce masa, “Baba, a ɗan matso nan inuwa don hoton ya yi kyau,” ba ya ƙi.

Mene ne ISO, kuma nawa zan sa?

Ƙara wa sigina ƙarfi ne idan haske ya gaza. Yana haskaka hoto, amma yana kawo ɗigo-ɗigo kamar yashi, launi kuma ya dusashe. A saitin hoto akwai ƙarami da babba, daga 100 zuwa 3200. Ƙaramin ka bar shi a 100. Babban shi ne za ka tsare: da rana 400, a ɗaki ko da almuru 800. Sama da haka sai in hoton ya fi tsabtarsa muhimmanci. Ka sani in ka rufe mata hanyar ISO za ta rama ta hanyar jinkirta ƙiftawa, saboda haka a wuri mai duhu ka jingina kyamarar da wani abu.

Standard, HDR, SuperPhoto, RAW: wanne zan bari a kai?

Standard hoto ɗaya ne, nan take, babu jira. HDR tana ɗaukar hotuna da dama masu haske daban-daban ta haɗa su, don inuwa da haske su fito tare. Tana da kyau ga abin da ba ya motsi, kamar manyan duwatsun da suka kewaye Birni da yamma ko cikin soro mai taga. Ga abin da ke motsi takan bar fatalwar hannu ko ta ƙafa. SuperPhoto, wadda ta zo da HERO7 Black a 2018, tana duba wurin ta zaɓi gyaran da take ganin ya dace. Takan jinkirta daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma wani lokaci tana cika gyara har sararin sama ya yi wani shuɗi da ba namu ba. Don hoton iyali da za a tura nan take, ba laifi. Don motsi, Standard.

Ɗanyen hoton nan, RAW, ya cancanci wahalarsa?

In za ka zauna ka gyara, ƙwarai kuwa. In ba za ka gyara ba, cika kati kawai za ka yi. Ɗanyen hoto shi ne abin da faranti ya gani kafin kyamara ta sa masa hannu. GoPro tana adana shi da suna mai ƙarewa da .gpr tare da kwafin JPG (hoton da aka saba turawa), DJI kuma da .dng. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana buɗe su. A cikinsa za ka iya sauya launin haske yadda kake so, ka ɗaga inuwa, ka rage yashi da kanka, fiye da abin da JPG zai jure.

Yana da sharuɗɗa. A GoPro da faffaɗan ido kawai yake aiki, babu jawowa, don haka lanƙwasar sai ka gyara ta a manhaja. Kuma da ka buɗe shi za ka ga ya fi JPG rashin armashi. Haka yake, ba a dafa shi ba tukuna.

Lokacin hunturu hotunana duk fari-fari suke fitowa, babu armashi. Saiti ne ko hazo?

Hazo ne, amma saiti yana ƙara masa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kawowa tana watsa haske, ta kashe inuwa, ta mayar da sama toka-toka. Ma'aunin launi (White Balance) na kai-tsaye yakan ruɗe, hoto ɗaya ya yi ja, na bayansa ya yi shuɗi. Ka kulle shi a 5500K da rana. In kana son ɗumin jan bango ya ƙara fitowa, 6000K ko 6500K. A ƙarƙashin ƙwan lantarki mai jan haske, ka sauko wajen 3200K.

Ni ba na ƙin hazo. Haskensa mai laushi ne, fuska tana kyau a cikinsa. Abin yi shi ne ka rage sama a hoton, ka cika shi da abu mai launi da ke kusa: jan kaya da koren dogarai, buhunan barkono a Kasuwar Dole ranar Alhamis, fatun da aka rina. Kaifin hoto kuma ka sauke shi zuwa matsakaici ko ƙasa. Babban kaifi yana zana farin layi a gefen kowane abu, kuma a hazo abin ya fi muni.

Ni sana'ar jakunkunan fata nake yi, ina so in ɗauki ɗinkin kusa-kusa don masu saye, amma dishi-dishi yake fitowa.

Hajiya, ba laifin hannunki ba ne. Idon kyamarar ba ya ganin abin da ya matso sosai. Ki ja da baya kamar tsawon hannu, ki sa miƙaƙƙen ido, ki shimfiɗa jakar a kan farin ƙyalle kusa da ƙofa inda haske ke shigowa, sannan ki yanke hoton daga baya. Akwai gilashin kusa da ake ƙarawa a gaba. Amma gaskiya ga wannan aiki wayarki ta fi ta, domin waya tana kafa ido a kan ɗinki.

Bikin dare fa? Hoton dare na sa, kowa ya fito kamar hayaƙi.

Salon hoton dare ba na mutane masu rawa ba ne. Yana barin ido a buɗe tsawon daƙiƙoƙi, duk abin da ya motsa a lokacin sai ya zama hayaƙi. Ga biki ka zauna a hoto na kullum, babban ISO 800 ko 1600, ka tsayar da mutane inda fitila ke haska fuskarsu, kai kuma fitilar tana bayanka. Kyamarar ba ta da walƙiya. Ƙaramar fitilar caji a hannun yaro, ya riƙe ta sama kaɗan daga gefe, ta fi duk wani saiti. In ba haske, ba hoto. Gara ka faɗa wa masu biki tun da wuri.

Ana iya ɗaukar taurari da ita?

Ana iyawa, kuma abin yana da daɗi. Ka fita bayan gari inda fitilu ba su kai ba, ta hanyar Mirriya ko wani wuri da ka sani kuma ka amince da shi, a daren da babu farin wata kuma hazo ya kwanta. Kafa kyamara a kan ƙafa uku ko ka danne ta a kan dutse. Hoton dare, ƙiftawa daƙiƙa 20 ko 30, ISO 800, launi wajen 4000K, ɗanyen hoto in akwai. Sa agogon jinkiri na daƙiƙa 3 don girgizar yatsanka ta lafa kafin ta ɗauka. Ka sa wani abu na ƙasa a gaba, kuka ko gawo ko dutse, don hoton ya sami tushe. Kaza da Ƴaƴanta za su fito ƙanana amma a bayyane.

HERO11 da waɗanda suka biyo ta suna da salon sawun taurari, inda ake ganin sama tana juyawa. Zinder tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 14 sama da inda ƙasa ta haɗu da sama. Ka fuskantar da kyamara arewa, za ka sami da'irori suna kewaye shi a saman itatuwa. Sai ka haɗa ta da batirin ajiya, domin aikin na sa'o'i ne.

Jinjirin watan Salla kuwa, ka haƙura. Ɗigo zai fito.

Ɗaukar tazara, daƙiƙa nawa zan sa?

Lissafi ne mai sauƙi. Bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa yana buƙatar hotuna 300 don ya kai daƙiƙa 10. In tazararka daƙiƙa 5 ce, za ka jira minti 25. Hadarin Agusta da ke tasowa daga gabas yana gudu, ka ba shi daƙiƙa 2. Faɗuwar rana, 5. Cikar kasuwa daga safe zuwa azahar, 30 ko 60. Ka kulle ma'aunin launi kafin ka fara, in ba haka ba bidiyon zai riƙa ƙyalƙyali.

Akwai wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba. In kana tuƙa babur ko kana kan doki, hannunka ba ya kan kyamara. Sa tazarar rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya a tsarin hoto, ka bar ta tana ɗauka, ka zaɓa in ka sauka. Tana kuma jin umarnin murya da Faransanci ko Turanci, sai dai a hayaniyar kalangu kada ka dogara da shi.

Ba zai fi sauƙi in ɗauki bidiyo in ciro hoto daga ciki ba?

Sau da yawa ya fi. Hoton da aka ciro daga bidiyon 4K yana da ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, kimanin ɗigo miliyan 8, wato megafiksel 8, wanda ya wadatar ga Facebook da ƙaramin bugu. Daga 5.3K mai siffar 8:7 a HERO11, manhajar Quik tana ciro har megafiksel 24.7. Sharaɗin shi ne ƙiftawar bidiyon ta yi sauri, in ba haka ba kowane motsi zai fito a gauraye. Abin da ka rasa shi ne ɗanyen hoto da 'yancin gyara.

Na ga wata mai araha an rubuta megafiksel 48 a kwalinta, ta fi GoPro mai 27 ke nan?

Lamba a kwali ba hoto ba ce. Da yawa daga marasa suna suna ɗaukar ƙaramin hoto ne su kumbura shi da lissafi. Dubi DJI Osmo Action 4 ta 2023: hotonta megafiksel 10 ne kacal, amma farantinta babba ne, inci 1/1.3, kuma da almuru tana tsere wa masu manyan lambobi. HERO9 ta 2020 tana ba da 20, HERO10 23, HERO11 zuwa HERO13 27. Hoton albam mai santimita 10 da 15 bai buƙaci fiye da megafiksel 2 da ɗan kai ba. Mai 12 yana kai wa kusan santimita 34 da 25 da tsabta. Kafin ka biya, ka ɗauki hoto a inuwar shagon, ka tura wayarka, ka buɗe shi ka duba gashin gira.

Ƙura da zafi ba za su kashe mini ita ba?

Ƙura ba ta shiga muddin ƙofar batir a rufe take kuma robar bakinta ba ta da yashi. Haɗarin yana gilashin gaba. Kada ka goge shi a bushe da bakin riga, ƙurarmu tana da yashi mai kaifi. Hura tukuna, ko ka ɗauraye da ruwa mai tsabta ƙofofi a rufe, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Ka duba shi kafin kowane hoto. Sawun yatsa ɗaya mai maiƙo yana mayar da kowace fitila tauraruwa mai jela. A yawancin GoPro gilashin gaban yana cirewa a sauya, ban da HERO8.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana sa ta kashe kanta, musamman in an bar ta tsaye a rana babu iska. Hoto bai kai bidiyo dafa ta ba. Rage hasken allo, kashe haɗin waya in ba ka buƙata, kada ka bar ta a cikin mota a rufe. Ga dogon aikin tazara, ka yi mata inuwa da ɗan kwali.

Wane kati zan saya?

Ƙaramin katin memori mai alamar V30 ko U3. Katin jabu ya yi yawa, kuma alamarsa ita ce kyamara ta daskare bayan ɗauka a jere ko hotuna su ɓace. Ka share katin daga cikin kyamarar kanta bayan ka kwashe hotunanka wuri biyu.

Hoton yana da kyau a kyamara, da na tura wa ɗan'uwana a Agadas ta WhatsApp sai ya lalace.

WhatsApp tana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya. Tura shi a matsayin takarda, wato Document, zai isa yadda yake, sai dai zai ci data. Haka za ka yi wa mai bugu. Ka kuma tabbatar asalin hoton ka sauke daga manhaja, ba hoton allo ka ɗauka ba. In kyamararka tana da GPS a kunne, asalin fayil ɗin yana iya ɗauke da wurin da aka ɗauke shi, ka tuna da wannan kafin ka aika wa baƙo hoton cikin gidanku.

Tunda ƙarama ce ba a lura da ita, zan iya ɗauka ba tare da an sani ba?

A'a, ƙanena. Faffaɗan idon nan yana kwaso abin da ba ka nufa ba: matar da ke wucewa a gefe, cikin gidan da aka bar ƙofarsa a buɗe, almajirin da ke cin abinci. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka nuna wa mutum hotonsa a allo. A Birni gidajen nan na mutane ne, da masu su a ciki. Ka gaida na zaure kafin ka ɗaga kyamara. A fada ka tambayi dogarai ko fadawa. Barikin soja, shingen jandarma, filin jirgi da makamantansu kuwa, ka kashe ta ka sa a aljihu tun kafin ka iso, har da wadda ka ɗaure a hular kwano ka bari tana ɗaukar tazara.